Wa Ke Rubuta Sunayen Masu Busa Usur?

Alƙalin wasa ba ya naɗa kansa. Ɗan ƙwallo in ya iya taka leda, ko koci ba ya ƙaunarsa, wata rana 'yan kallo za su yi ta kiran sunansa har a sako shi, ko kuma wata ƙungiya ta zo da kuɗinta ta saye shi. Shi kuwa alƙali ba mai sayensa, ba mai yi masa kirari. Wasu mutane ne 'yan kaɗan ke shiga ofis su rufe ƙofa, su rubuta cewa wane zai busa wasan Asabar, wane zai riƙe tuta, wane kuma ya zauna gida. Wanda bai gane wannan ba, ba zai gane tarihin Bibiana Steinhaus ta Jamus ba, kuma zai ci gaba da tafka gardamar nan da muke tafkawa a fada da gidajen kallo, wai shin mace za ta iya busa wasan maza ko ba za ta iya ba, alhali fili ya daɗe da amsa wannan tambayar.

Rigimata da ɓangare biyu ce. Akwai masu kiran waya a shirinmu na wasanni, waɗanda da zarar sun ji an ambaci mace da usur sai murya ta sauya. Akwai kuma mu kanmu 'yan jarida, masu tafi da guɗa duk ranar da aka ce ga "mace ta farko", washegari kuma mu shafa wa labarin shuni. Na biyun sun fi ba ni haushi, amma bari in fara da matar tukuna.

An haifi Bibiana a 1979 a Bad Lauterberg, wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Harz. Mahaifinta alƙalin wasa ne, ita ma tana 'yar shekara 16 ta ɗauki usur. Aikinta na albashi kuwa ɗan sanda ne, a birnin Hannover. Kada mai karatu ya ɗauka cewa tun da Jamus ce, an shimfiɗa mata tabarma. A 1955 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, DFB, ta haramta wa ƙungiyoyinta barin mata su yi wasa a filayensu, ba ta kuma janye haramcin ba sai a 1970, shekara tara kacal kafin a haifi yarinyar. Ko a 1989, da matan Jamus suka ci kofin Turai, tukwicin da hukumar ta ba su shi ne kofuna da farantan shan gahawa. A wannan gida ta taso. A 2005 ta shiga jerin alƙalan FIFA, a 2007 kuma aka ba ta wasa a rukuni na biyu na gasar maza, ta zama mace ta farko da ta busa wasan ƙwararrun maza a ƙasar.

Daga nan sai aka ajiye ta shekara goma.

A tsaya a dubi abin da ta yi cikin waɗannan shekaru goma. A 2011 ita ta busa wasan ƙarshe na cin kofin duniya na mata a Frankfurt, wanda Japan ta doke Amurka a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 2012 ita aka sake ba wa wasan ƙarshe na Olamfik a filin Wembley da ke Landan, gaban mutum sama da 80,000. A 2017 ta busa wasan ƙarshe na zakarun Turai na mata tsakanin Lyon da PSG a Cardiff. Kafin ta, ba wanda ya taɓa haɗa waɗannan ukun. Duniya ta yarda ta damƙa mata wasan da babu na sama da shi, amma a gida ana ganin ba ta isa ta busa ko da wasan 'yan tsakiyar tebur na Bundesliga ba. Wani zai ce ai ƙwallon mata daban, na maza daban, gudun ba ɗaya ba ne. To, na ji. Amma duk tsawon shekarun nan wasan maza take busawa mako bayan mako a rukuni na biyu, inda ake dambe don a hau sama ko don kada a faɗa ƙasa, inda ƙeta da taka ƙafa suka fi yawa, kamar yadda duk mai kallon ƙwallo ya sani. Abokan aikinta maza da suka zo bayanta suna wucewa ta gabanta suna hawa, ita tana nan.

Me ya sauya? Ƙafafunta ba su ƙara sauri ba tana da shekara 38. A 2016 Lutz Michael Fröhlich ya karɓi ragamar kula da manyan alƙalan Jamus. A watan Mayun 2017 sunanta ya fito a jerin waɗanda aka ɗaga zuwa Bundesliga. Kujera guda ta sauya mai zama, ƙofar da ta yi shekara goma a garƙame ta buɗe cikin shekara ɗaya. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ranar 10 ga Satumba 2017 ta shiga babban filin Berlin, Hertha da Werder Bremen, aka tashi ɗaya da ɗaya. Shekara 54 ke nan da kafa Bundesliga kafin mace ta tsaya a tsakiyar fili. Abin da ya fi burge ni a wasan shi ne ƙwallon Hertha. An yi wa ɗan gabansu ƙeta, alƙali mai fargaba da tuni ya busa don ya wanke kansa. Ita kuwa sai ta ga ƙwallo na ƙafar Mathew Leckie, ta buɗe hannu a ci gaba, ya kuwa zura ta a raga. Rashin busa usur a irin wannan daƙiƙa ya fi busawa wuya, kuma ba a koyon sa a littafi. Wanda ya shekara ashirin yana karanta wasa ne ke iya shi.

Yanzu ga masu cewa mace ba ta da ƙarfin bin maza a guje. Wannan magana ba ta buƙatar rantsuwa, domin akwai agogo. Alƙalin FIFA namiji sai ya yi gudun mita 40 sau shida, kowanne bai wuce daƙiƙa shida ba. Sannan ya yi gudun mita 75 cikin daƙiƙa 15, ya taka mita 25 cikin daƙiƙa 18, ya maimaita haka sau 40, jimilla kilomita huɗu. Ma'aunin mata ya ɗan fi sauƙi, gaskiya ne, amma duk macen da ke son busa wasan maza, gwajin maza ake ɗora mata, ba a rage mata ko ƙwayar daƙiƙa. In ta faɗi ta zauna gida, kamar yadda maza ke faɗuwa su zauna. In ta ci kuwa, me ya rage na magana? Kuma wa ya taɓa cewa alƙali sai ya tsere wa Mbappé? Da haka ne, da babu namijin da zai busa wasa a duniya. Aikin alƙali shi ne ya san inda ƙwallo za ta faɗa kafin ta faɗa, ya kuma riga ta samun wurin da zai gani.

Sai masu cewa maza ba za su ji maganarta ba. Wannan ta ɗanɗana, ba sau ɗaya ba. A 2014, tana alƙali na huɗu a wasan Mönchengladbach da Bayern, Pep Guardiola ya zo yana ƙorafi har ya ɗora mata hannu a kafaɗa, ta ture hannun ba tare da ta ko kalle shi ba. A 2015 ta ba Kerem Demirbay na Fortuna Düsseldorf katin gargaɗi na biyu ta kore shi, yana fita ya gaya mata cewa mata ba su da gurbi a ƙwallon maza. An dakatar da shi, ya nemi gafara, ƙungiyarsa kuma ta tura shi ya busa wasan 'yan mata ƙanana. Jaridu suka yi ta yaba wannan hukunci, ni kuwa ya tsaya mini a wuya. Ashe busa wasan 'ya'ya mata horo ne, kamar sharar makaranta? Ka ga masu gyaran ma raini ɗaya suke ɗauke da shi da mai laifin. A 2017 kuma Franck Ribéry ya sunkuya zai ajiye ƙwallo don bugun tazara, ya kwance mata igiyar takalmi. Ta yi murmushi, ta dafa shi, wasa ya ci gaba. Wanda ya ce ba a jin maganarta, ya gaya mini a cikin ukun nan wane ne ya juya ta. Demirbay dai ya fita daga fili, don ita ta ce ya fita.

A nan ne wanzami ba ya son jarfa. A watan Janairun 2011 wasu manyan masu sharhin wasanni biyu na tashar Sky a Ingila, Andy Gray da Richard Keys, suka zauna suna yi wa mai riƙe tuta Sian Massey ba'a kafin wasan Wolves da Liverpool, suna cewa mata ba su san dokar satar gida ba. Sun ɗauka makirfo a kashe yake. Aka shiga wasa, aka zo wata gaɓa mai wuyar gani, ta ƙi ɗaga tuta, Fernando Torres ya ci, da aka maimaita hoton sai ga shi ita ce da gaskiya. Cikin 'yan kwanaki dukansu biyu suka bar aikin. Duk wanda ke zama gaban makirfo kamar ni ya san irin hirar da ake yi lokacin da aka saka talla. Bambancinmu da waɗancan biyun shi ne namu injiniyan yana kashe makirfo a kan lokaci.

Misalin da ya fi kusa da mu a Kamaru ya faru, a gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022. Ranar 12 ga Janairu a Limbe, Janny Sikazwe na Zambiya, gogaggen alƙali da ya busa a gasar duniya, ya tashi wasan Tunisiya da Mali a minti na 85. Aka ankarar da shi, aka ci gaba, ya sake tashin wasan kafin minti 90 su cika. Daga baya aka ce zafin rana ne ya buge shi, kuma ni ban ƙaryata ba, kowa na iya gamuwa da larura. Amma ban ji ko mutum ɗaya ya bugo waya ya ce maza ba su dace da alƙalanci ba. Aka ce Sikazwe ya yi kuskure, shi kenan. Bayan kwana shida, 18 ga wata, Salima Mukansanga ta Ruwanda ta busa wasan Zimbabuwe da Gini a filin Ahmadu Ahijo na Yawunde, mace ta farko a tarihin gasar, aka tashi biyu da ɗaya lami lafiya. Don Allah a faɗi gaskiya: da ita ce ta tashi wasa a minti na 85, shekara nawa za a yi kafin a sake ba wa wata mace usur a Afirka? Namiji in ya yi kuskure, nasa ne shi kaɗai. Mace in ta yi, sai a rubuta shi a goshin duk matan duniya.

Akwai kuma masu kawo batun sutura da cuɗanya. Waɗannan na fi ganin girmansu, in dai sun faɗi abin da ke ransu kai tsaye. Mutum ya ce shi ba zai bar 'yarsa ta yi wannan aiki ba saboda addininsa ko tarbiyyar gidansu, wannan magana ce da ke da masu ita, kuma ba ni ba ne malamin da zai yanke ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɓoye a bayan ƙaryar cewa ba ta iya gudu, ko ba ta san doka ba. Haka nan kalmar "alƙali" da Hausa ta ara wa mai usur kada ta ruɗe mu. Ba gado yake rabawa ba, ba aure yake kashewa ba, dokoki 17 ne na wasa yake tsarewa na minti 90. Bouchra Karboubi ta Maroko, wadda ta busa wasan Najeriya da Gini Bisau a Abijan a Janairun 2024, ita ma jami'ar 'yan sanda ce kamar Bibiana. Ƙasa ta yarda ta ba su ikon kama ɓarawo, mu kuma muna tababar ko za su iya nuna wa mai tsaron baya kati.

To, in koma kan 'yan tafi. Ranar da Bibiana ta shiga filin Berlin babu tashar da ba ta ɗauka ba. Wa ya koma ya ƙirga abin da ya biyo baya? Ƙungiyoyi 18 ne a Bundesliga, wasa 306 a kowace kaka. Kaka uku ta yi, wato wasa 918. Nata a ciki 23 ne. Ranar 30 ga Satumba 2020 ta busa wasan Super Cup, Bayern ta ci Dortmund uku da biyu, ta ajiye usur tana da shekara 41, alhali iyakar shekarun alƙalan Bundesliga a lokacin 47 ce. Shekarun da ya kamata ta yi tana kan ganiyarta a sama, a rukuni na biyu aka cinye mata su. A kakanni huɗu da suka biyo bayan tafiyarta, babu macen da ta sake tsayawa a tsakiyar fili a Bundesliga. An yi ba a yi ba, rufe ƙofa da ɓarawo.

Haka abin yake ko'ina ka duba. A Katar a 2022 an zaɓi alƙalai 36, uku mata: Stéphanie Frappart ta Faransa, Yoshimi Yamashita ta Japan, da Salima. Aka cika duniya da labari. Wasa 64 aka buga, ɗaya tak aka ba wa mace, wanda Frappart ta busa tsakanin Kosta Rika da Jamus ranar 1 ga Disamba. Salima ta je, ta ɗaga allon canji a gefen fili, ta dawo gida. A gasar Turai ta 2024, wadda aka yi a Jamus ɗin kanta, babu mace ko ɗaya a cikin alƙalan tsakiyar fili. "Ta farko" ba ta cin kuɗi, hoto ɗaya ne da sanarwa ɗaya. Ta biyu da ta biyar da ta goma su ne masu tsada, domin su ke buƙatar a ɗauko yarinya tun tana shekara 16, a horar da ita, a biya ta kuɗin mota, a ba ta wasa, ta yi kuskure a gyara mata a sake ba ta wani, kamar yadda ake yi wa kowane saurayi.

Shi ya sa nake ganin rabin rayuwar Bibiana na biyu ya fi na farko nauyi, ko da yake shi ne wanda ba mu ba da labarinsa. A 2021 hukumar alƙalan ƙwararru ta Ingila, PGMOL, ta ɗauke ta ta shugabanci sashen alƙalan manyan wasannin mata. A 2024 FIFA ta naɗa ta shugabar sashen alƙalai mata na duniya, kujerar da Kari Seitz ta Amurka ta bari. Wato matar da ta shekara goma tana jiran wani ya rubuta sunanta, yau alƙalamin yana hannunta. Na san abin da 'yan fada za su ce: ai matar Howard Webb ce, wancan mai sanƙon da ya busa wasan ƙarshe na duniya a 2010, wanda magoya bayan Arsenal da Liverpool na garinmu har gobe ke tsokanar cewa ɗan wasan Manchester United ne na sha biyu. E, sun yi aure a 2021. Amma ta riga shi shiga ofishin, shi sai a ƙarshen 2022 ya zama shugaban alƙalan Ingila, kuma wasan ƙarshe na duniya da ta busa ya girmi auren da shekara goma. A nemi wata hujjar.

Sai dai ko a nan ban ga abin guɗa ba tukuna. A lura da sunan ofisoshin da ake ba ta: sashen mata, alƙalan mata. Rebecca Welch, wadda ta zama mace ta farko da ta busa wasan Firimiyar Ingila a Disamban 2023, Fulham da Burnley, ba ta cika shekara ba ta ajiye usur ta koma ofis, ita ma ɓangaren mata. A FIFA kuwa Pierluigi Collina ne shugaban kwamitin alƙalai. An gina wa mata ɗakinsu a gefe, an ba su mabuɗinsa, babban ɗakin da ake raba wasannin da duniya ke kallo kuma yana inda yake. Ban raina ɗakin ba. A gasar duniya ta mata ta 2023 duk alƙalai 33 da mataimakansu 55 mata ne, kuma wani ne ya yi wahalar rainon su. Amma macen da ta busa wa Bayern da Dortmund, wadda aka zaɓa gwarzuwar alƙaliya ta duniya har sau huɗu, me zai hana ta tantance aikin alƙali namiji? Usur ɗin ɗaya ne, dokar ɗaya ce. Ita ma Bibiana ba zan ɗaga mata ƙafa ba don tana mace. Yanzu da wuƙa da nama suka zo hannunta, da ƙidaya za a auna ta: mata nawa daga Afirka suka shiga jerin a zamaninta, nawa aka ba wa wasa na gaske, nawa aka kai yawon ɗaukar hoto.

A farkon kowace shekara FIFA kan fitar da jerin alƙalanta na duniya, ƙasa bayan ƙasa, kuma duk mai waya zai iya buɗe shi a intanet. Ba daga Zurich ake ƙirƙiro sunayen ba, hukumar ƙwallon kowace ƙasa ce ke aikawa. Abokan aikina na Yamai da Damagaram da Garwa da Kumasi da Injamena, kowa ya buɗe shafin ƙasarsa ya ƙirga matan da ke ciki, ya kuma binciko wasa nawa na babbar gasar maza aka ba su a kakar da ta wuce. Sannan a gayyato shugaban kwamitin alƙalai ya zauna gaban makirfo, a buɗe layin waya, a fara da tambayarsa mutum nawa ke zama a ɗakin da ake rubuta sunayen, kuma su wane ne.